Yadda Ake Sarrafa Haske Domin Kaji Su Yi Ƙwai a Kan Lokaci

Mai kiwon kaji masu ƙwai yakan mai da hankali ga abinci da rigakafi, alhali umarnin yin ƙwai daga kan kaza yake fitowa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwarta akwai wata 'yar ƙaramar halitta da ake kira fituwitari, wadda ke samar da sinadaran haihuwa. Haske yana ratsa ƙoƙon kan kaza ya isa wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus, kuma idan yini ya yi tsawo sashen yana sakin sinadarin GnRH, wanda ke sa fituwitari ta fitar da sinadaran haihuwa biyu, LH da FSH, zuwa cikin jini. Waɗannan biyun ne ke raya ƙwanduwa a gidan ƙwai na ɓangaren hagu, domin shi kaɗai ke aiki a jikin kaza.

Ka'ida ta farko ita ce kada a ƙara tsawon haske ga sagarun da ba su kai ba. A jira su kai makonni 17 zuwa 18, a auna wasu daga cikinsu a tabbatar nauyinsu ya kai abin da masu ƙyanƙyasar irin suka ƙayyade, wanda a jajayen kaji yakan kusanci kilo 1.5. Gaggawa a nan asara ce, domin sagarar da aka tayar wa fituwitari kafin jikinta ya ƙosa takan yi ƙananan ƙwai, wani lokaci ma mafitar ƙwan ta zazzago, sauran kaji su bi ta da tsattsaga.

Idan nauyi ya cika, sai a riƙa ƙara rabin awa zuwa awa ɗaya kowane mako har hasken ya kai awa 16 a yini. A Kano ko Zinder yini ba ya yin nisa da awa 12 duk shekara, saboda haka kusan awa huɗu ake cikewa da ƙwan lantarki ko fitilar sola. Ya fi kyau a sa kaso mai yawa na ƙarin da asuba, musamman a bazara, domin a sanyin safiya kaji suka fi cin abinci. Hasken ba sai ya yi ƙarfi ba, ya isa a ce mutum zai iya karanta rubutu a daidai mazubin abinci. Da zarar an fara ƙwai kada a rage lokacin, kuma kada a dogara ga wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, domin jikin kaza yana ɗaukar raguwar haske a matsayin alamar dakatawa.

Ana buƙatar awa takwas na duhu, domin hauhawar LH da ke sa ƙwanduwa ta faɗo daga gidan ƙwai, wadda ke zuwa awa 4 zuwa 6 kafin faɗowar, tana bin lokacin da aka kashe fitila ne. Daga nan ƙwan yakan ɗauki kimanin awa 25 kafin a saka shi, mafi yawansu wajen gina ɓawo, shi ya sa abincin ke buƙatar kalsiyam kusan kashi 4 cikin 100.

Fituwitari ce kuma ke samar da furolaktin, sinadarin kwanci, wanda ke danne LH ya tsayar da ƙwai. Wannan ya fi damun kajin gida. A riƙa kwashe ƙwai sau da yawa a yini, kazar da ta fara kwanci kuma a ɗauke ta daga akurki a kai ta wuri mai haske da iska, inda babu shimfiɗa, na 'yan kwanaki.