Kurakuran da Ke Lalata Hoton Fararen Furanni Wajen Gyara

Daga watan Maris zuwa Mayu, idan sanyi ya ja baya a Turai da Japan, hotunan fararen furanni sukan cika ko'ina, daga tulip na lambun Keukenhof da ke ƙasar Holan har zuwa furen magnoliya da na ceri. Yawancin waɗanda sababbin shiga suke kawo mini in duba an ɗauke su da kyau, wajen gyara ne ake kashe su, kuma na gaji da ganin ɓarna iri ɗaya kowace shekara.

Mafi munin kuskure shi ne ƙona farin. Mai gyara yakan ga furen bai yi fari fat ba, sai ya ƙara wa hoton haske gaba ɗaya, ya manta cewa hoton JPEG matakan haske 256 kawai yake da su a kowane launi, daga 0 zuwa 255, kuma duk wurin da ja da kore da shuɗi suka kai 255 ya zama fili fetal, ba jijiyar fure, ba lanƙwasa, ba ɗigon raɓa. Na san zafin wannan asara, domin an taɓa dawo mini da hotunan magnoliya daga wurin bugawa, inda rabin kowane fure ya fito takarda zalla saboda tawada ba ta sauka a kansa ba, kuma furannin sun riga sun zube, babu damar sake ɗauka. Saboda haka ba na yarda da uzurin wanda ya ce a wayarsa hoton ya yi kyau. Me ya hana shi duba jadawalin haske da ke gabansa? A manhajar gyaran hoto ta Lightroom, danna harafin J kaɗai ya isa ya nuna wuraren da suka ƙone da jan launi. Al'adata ita ce in tsayar da wuri mafi haske a furen kusan kashi 95 cikin 100, kuma in ɗauki hoto a tsarin RAW, wanda yake ajiye bayanai fiye da JPEG nesa ba kusa ba.

Wasu kuma tsoron ƙonewa yakan sa su ja madannin Highlights, mai ƙara ko rage hasken wuraren da suka fi haske a hoto, zuwa ƙarshen ƙasa, furen ya koma launin toka kamar tsohon farin yadi. Asalin matsalar daga kyamara take, domin ma'aunin haskenta yana ɗaukar komai a matsayin matsakaicin ruwan toka, sai ya dusashe fari. Ƙarin mataki ɗaya na haske lokacin ɗauka yakan rage wahalar gyara.

Sai batun launin da ke shiga cikin farin. Furen da ke inuwa yana karɓar hasken sararin sama, wanda yakan kai 7000 ko fiye a Kelbin, ma'aunin launin haske, alhali hasken rana yana wajen 5500, shi ya sa yake fitowa da shuɗi-shuɗi, ganyen da ke kewaye kuma yana watsa masa kore. Abin takaici shi ne yadda mutane suke ɗora ma'aunin daidaita fari a jikin furen kansa, alhali magnoliya tana da launin madara, ceri kuma yana da ɗan ja-ja, sai manhaja ta goge ainihin launinsu. Ni da katin ruwan toka nake aunawa, sannan in bar ɗan ɗumi a launin, ko da yake wasu ƙwararru ba su yarda da hakan ba.

Yawan Clarity da Dehaze, wato madannan fito da zanen jikin abu da na cire hazo, yana sa fure mai laushi ya yi kaushi da datti. Ƙara ƙarfin launi yana mai da koren ganye tamkar fenti, ya janye ido daga furen. Kaifafa hoto fiye da kima yana zana farin layi a gefen fure. Kuma kafin ka fara gyara da dare, ka kashe tsarin da ke sa allon waya ya yi rawaya, in ba haka ba da safe za ka tarar duk furanninka sun koma shuɗi.