Yadda na haɗa ɗan akwatin kallo a gida da Raspberry Pi

Gidanmu a Damagaram kullum rigimar ɗaya ce, bidiyon bikin wance yana salular wane, hawan sallar bara yana wata kile da ta ɓace, tafsirin azumi kuma an goge shi don memuwa ta cika. Shi ya sa na tara komai a wuri guda, kowa ya kalla daga wayarsa ko tele, kuma ba a cin ko mega ɗaya na konekshon.

Kayan ba yawa. Raspberry Pi 4, ƴar kwamfuta ce da ba ta wuce tafin hannu ba, ta fito tun 2019, akwai Pi 5 ta 2023 amma don wannan aiki ta 4 ɗin ta isa. Sai katin memuwa mai giga 16 ko 32, babban diski na waje, ruta, da caja. Cajar nan don Allah kar ka ɗauko ta salula ka ce ai duk ɗaya ne, volt 5 amfiya 3 take so mai bakin USB-C, in ba haka ba diskin zai riƙa tafiya yana dawowa kana zagin na'ura alhali yunwar kuran ce.

A wata kwamfuta ka sauke Raspberry Pi Imager, manhajar da ke rubuta tsarin aiki a kan kati, ka zaɓi Raspberry Pi OS Lite, ka sa suna da lambar sirri ka kunna SSH, hanyar ba Pi umarni daga wata kwamfuta, tun daga nan, ka rubuta a katin. Ka soka katin a Pi, ka haɗa ta da ruta ta kebul ba wifi ba, diski kuma a shuɗin rami, shi ne mai sauri. Sai ka girka Jellyfin, manhajar da za ta riƙa nuna bidiyon a waya da tele, kyauta ne, wajen sauke kayan nan kaɗai kake buƙatar intanet. Buga hostname -I a Pi ya ba ka adireshinta, ka buɗe shi a burauza ka ƙara :8096 a ƙarshe, shi ke nan.

Inda na sha wuya shi ne diski. Lite ba ya ɗaura shi da kansa, wato ba ya buɗe shi don aiki, sai ka sa shi cikin /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera diskin da za a buɗe in ta tashi, da lambar shaidarsa ta UUID, ka ƙara kalmar nofail don Pi ta tashi ko babu diskin. Ni ban sa ba, ranar da yaro ya zare diskin na kwana ina tsammanin Pi ta mutu, ashe jiransa take ta ƙi tashi.

Bidiyo ka bar su MP4 na H.264, in ka tilasta wa Pi ta juya wani iri tana cikin nunawa sai kallo ya koma tsaye-tsaye.

Sauran zafi da ɗaukewar wuta, su ne ainihin abokan gaba a nan. Watan Afrilu da Mayu ɗaki kansa ya haura digiri 40, Pi kuma in ta kai 80 takan rage gudu da kanta, to ka sai mata gida mai fanka, kar ka ɗora ta kan tele, ka riƙa buga vcgencmd measure_temp don ganin zafinta. Lokacin hunturu ka hure mata ƙura duk sati biyu. Yankewar kuran farat ɗaya kuwa kan lalata katin memuwa, ni na haɗa ta da ruta a kan batirin sola, na kuma ajiye wani kati da na kwafe a cikin durowa.