Darasi na 9: Abin da za ka fara ƙara ma kat-kat ɗinka kafin shiga daji

Ƴan uwa, darasin yau na masu kat-kat ne, wato motar daji mai ja da taya huɗu, da direbobi da yaran mota, har ma da wanda ke tara kuɗi yana fatan saye. Duk wanda ya taɓa barin kwalta ya nufi Tesker ko Termit, ko ya bi hanyar Tanout ya wuce Agadez mai nisan kusan kilomita 450 daga nan Damagaram, ya san mota tana shan wuya a ƙasarmu. Sai dai da yawa in kuɗi sun shigo musu, fitilu da ƙaton ƙarfen gaba suke fara sawa don a gani a tasha, wannan kuwa ni ban yarda da shi ba ko kaɗan. Kuɗin gyara daga ƙasa ya kamata su fara, wato daga taya.

Tayar da aka saba gani a Land Cruiser pikop ita ce 7.50R16, lambar tana rubuce a gefen tayar, ku je ku karanta da kanku, 16 ɗin nan girman rim ne. Alherinta shi ne a garuruwa da dama za ka same ta, kuma mai faci ya san hannunta. In ka sa wata ƙatuwa mai faɗi wadda sai an aiko maka daga Kano, ranar da ƙayar aduwa ko kututture ya yage gefenta a bayan Gouré to za ka kwana nan kana jiran mai wucewa. Babbar taya kuma tana jan mai, tana wahalar da kulochi da birki. Mai manyan haƙora ta laka ce, a rairayi tono take yi tana binne motar, don haka ka nemi matsakaiciya mai kaurin gefe, safaya kuma biyu ba ɗaya ba.

Abin da ya fi kowane ƙarfe amfani a rairayi shi ne rage iska. Tayar da ke da iska kilo 2 da rabi ko 3 a kwalta, in an shiga yashi mai laushi ana sauke ta zuwa wajen kilo 1 da rabi, sai ka ga ta baje ƙasa, sawunta ya ƙara tsawo, motar ta hau kan yashin maimakon ta nitse. To amma in ka fito kwalta da ita haka kana gudu za ta yi zafi ta fashe, shi ya sa geji, wato ma'aunin iskar taya, da famfon iska mai aiki da batir suna gaba da komai a sayayya. Kada ka dogara da harbin taya da ƙafa wai ka ji iskarta, geji ba tsada gare shi ba. Ka haɗa da shebur, da farantan ƙarfe biyu da ake turawa ƙarƙashin taya, da igiya mai ƙarfi, da guntun katako mai faɗi na ɗora jak don kada ya lume. Winci kuwa, na'urar nan mai jan mota da waya, tana da kyau inda akwai itacen ɗaurewa, a tsakiyar tudun rairayi sai ka haƙa rami ka binne safaya sannan ka samu abin ja, ga nauyi ga tsada, ni dai zan bar shi can baya.

Bayan taya sai numfashin inji da abincinsa. Injin Land Cruiser da ake kira 1HZ mai lita 4.2 da silinda 6 ya yi suna wajen haƙuri, amma ƙura da ruwa cikin gazuwal suna kashe shi a hankali. Bututun nan da ake ɗagawa gefen gilashi yana jawo iska daga sama inda ƙura ba ta kai ta wajen taya yawa ba, yana da amfani ƙwarai lokacin hunturu da kuma in kuna tafiya a jere. Sai dai a liƙe mahaɗarsa sosai, in da ɓula to ado ne kawai. Ka sa ƙarin filta mai raba ruwa da gazuwal, don ko da yake matatar mai ta SORAZ tana nan kan hanyar Tanout tun 2011, man da za ka saya cikin jarka a ƙauye ba ka san tanon da ya kwana ciki ba. Masu cewa a ɗaura ma 1HZ turbo don ya ƙara ƙarfi, ku yi hattara, zafi yake ƙara masa kuma fistan na iya tsagewa, gara ka wanke lagireto ka bar injin yadda ya zo.

Maganar ɗaga mota kuma, ƙarin santimita 5 da sifirin mai kyau da shokozoba mai jure gargada ya isa. Ɗagawa ba ta tada aksil daga ƙasa, jikin motar kawai ke hawa, in ya yi yawa kuma sai ta riƙa tangaɗi a kwana, ta faɗi a gefen tudu da mutane a bayanta, rai kuwa ba ya da safaya. Haka kariyar sama, wato ƙarfen ɗora kaya a rufin mota, tabarma da katifa za ka ɗora mata, mai da ruwa su zauna ƙasa kusa da bayan direba a ɗaure tamau.

Duk abin da ka ƙara nauyi ne, kuma daga lodinka ake cire shi. Litar ruwa kilo 1 ce, tanon gazuwal mai lita 200 kuwa yana kai wajen kilo 170 ban da ƙarfen tanon. Akwai ƙaramin allo a jikin mota, galibi wajen ƙofa ko cikin bonet, da ke nuna iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka, ka nemi makanikinka ya nuna maka shi. Fitilu in za ka sa daga baya a sa musu fis nasu, wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda ita ke tada wuta.

Aikin gida: kowa ya kwafo lambar da ke gefen tayar wata mota a unguwarsu cikin littafinsa. Sannan ku yi wannan lissafi, direba ya ɗauki tanon gazuwal 2 da jarkar ruwa 6 masu lita 25 kowace, kilo nawa ke nan kafin fasinja ko ɗaya ya hau? Ku zo da amsa a zama mai zuwa, wanda ke da geji a gida kuma don Allah ya taho mana da shi mu koyi karanta shi tare a bakin taya.