Yadda ake tsara sanarwa irin tsarin takardar girki

Ƙanwata da ke karatu a Samaru ta turo mini sanarwar ƙungiyarsu ta ɗalibai in duba mata. Gaisuwa da godiya ga shugabanni sun cinye rabin saƙon, ranar taro kuwa tana can ƙasa. Na ce mata ta buɗe littafin girki ta dubi shafin girkin masa, don gyaran da take nema yana can.

Mai girki tana karatu ne hannunta da ƙullu, ido ɗaya na kan tanda. Takan leƙa takarda, ta koma ga wuta, ta dawo tana laluben inda ta tsaya. Haka ma mai duba waya cikin adaidaita daga Kwangila zuwa Sabon Gari. Su za ka rubuta wa.

Fara da suna da adadi. Takardar girki takan ce: masa, ta mutum shida. Kai ma, bayan sallama, layinka na farko ya faɗi mene ne, na su wa ne, yaushe, a ina.

Daga nan ware kayan haɗi su tsaya su kaɗai. Ba haka aka fara ba. Da can a cikin zance ake cusa su. A Ingila, a 1845, marubuciyar littafin girki Eliza Acton ta riƙa jera kayan da awonsu a ƙarshen kowane girki, sannan a 1861 Isabella Beeton ta ɗora jerin a sama. Dalilin a fili yake: tun kafin a hura wuta uwargida ta san ko akwai aiken kasuwa. A sanarwa, kayan haɗinka su ne abin da za a zo da shi, kamar hoton fasfo biyu, katin shaida da rasit. Jera su bi da bi, yadda za a buƙace su.

Mataki na uku shi aka fi yin tuntuɓe a kai. Duk abin da ke cin lokaci, fito da shi sama, ko da a jerin aiki ba nan ne wurinsa ba. Shinkafar masa sai an jiƙa, an markaɗa, an sa yis, an bar ƙullu ya tashi, sau da yawa kwana yake yi. Idan aka ɓoye wannan a tsakiyar shafi, wadda ta tashi da asuba za ta yi wa baƙi karin kumallo ta shiga uku. Ranar rufe rajista, ko takardar da sai an je banki a karɓo, su ne jiƙonka.

Sauran matakan, kowanne aiki ɗaya, kuma ya fara da aikin: a zuba, a juya, a kwashe.

Sai awo. "Gishiri daidai misali" yana wadatar da wadda ta koya a gefen murhun mahaifiyarta, amma baƙuwar hannu ba ta san misalin ba. Wannan ya sa Fannie Farmer a Amurka, a 1896, ta nace a kan kofi da cokali shafaffu, ba tsororo. Mu ma mudu yakan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, gara a ce gwangwanin madara. To "bayan la'asar" mudu ne. Rubuta ƙarfe 4:30. Inda agogo ba zai yi ba, ba da alama, yadda ake cewa a juya masa idan gefenta ya yi ja: "ɗakin da ke daura da masallaci".

A WhatsApp alamar tauraro (*), ɗaya a gaba ɗaya a baya, tana kaurara kalma. Rana da wuri kaɗai za ka yi wa haka.

Kafin ka tura, miƙa wayar ga wanda bai san zancen ba, ka ƙirga goma, ka karɓe, ka tambaye shi yaushe ne kuma me zai riƙo. Ƙanwata ta gwada da mai gadin ɗakin kwanansu. Sallama ta bar ta a layin farko, don wannan ba a taɓa ta, godiyar shugabanni kuma ta sauka ƙasan lambar waya.