Yadda ake rage zubar jini a tiyatar huji ta cire ƙarin mahaifa

A tiyatar huji, wadda ake yi da kyamara da siraran kayan aiki ta ƙananan huji a ciki bayan an hura masa iska, likita ba shi da hannu a cikin ciki da zai danne jijiyar da ta ɓalle, don haka shiri tun kafin ranar aiki yake farawa. Mata da yawa kan zo jininsu ya riga ya yi ƙasa saboda yawan zubar al'ada. A auna jinin, a ba da maganin ƙarin jini, a kuma tanadi ledar jini mai dacewa da na marar lafiyar. Allurar goserelin miligiram 3.6 duk wata, na wata uku, tana tsayar da al'ada ta rage girman ƙarin, sai dai tana tausasa shi har iyakarsa da tsokar mahaifa ta yi wuyar ganewa.

Awa guda kafin aiki a sa misoprostol, maganin da ke matse mahaifa, maikrogiram 400 ta gaba ko ta dubura. Dab da fara yanka a ba da tranexamic acid, maganin da ke hana daskararren jini narkewa, giram 1 ta jijiya.

Vasopressin, maganin da ke tsuke jijiyoyin jini, shi ne ke buƙatar natsuwa. A tsarma yunit 20 cikin ruwan gishiri na asibiti mililita 100 zuwa 200, a soka allurar tsakanin ƙarin da tsokar da ta lulluɓe shi. Kafin a tura, a ja sirinji baya. In jini ya biyo, a sake wuri, domin in maganin ya shiga jijiya bugun zuciya na iya faɗuwa, har ta tsaya. A faɗa wa likitan sa barci kafin kowace turawa. Wurin zai yi fari fat, amma ƙarfin maganin ba ya daɗewa, ba lokacin jan ƙafa ba ne. Inda babu shi, ana huda shimfiɗar da ke gefen mahaifa a ɗaure wuyanta da robar fitsari.

A yi wa mahaifar yanka a kwance, ba a tsaye ba, bin yadda jijiyoyin suke tafiya, har a ga farin jikin ƙarin yana sheƙi. A kama shi a ja, a ɓare shi daga cikin kwanson da ke kewaye da shi. Wanda ya kauce ya shiga tsoka shi ke jawo ambaliya. Kada a yawaita ƙonawa da lantarki, tana hana tabo warkewa da ƙarfi.

A ɗinke kowane rami hawa-hawa tun daga ƙasa kafin a taɓa ƙari na gaba, kada a bar gurbin da jini zai taru. A ƙarshe a sassauta iskar da aka hura cikin, a sake dubawa, domin matsinta kan ɓoye tsattsafin ƙananan jijiyoyi. In jini ya ƙi tsayawa, a buɗe ciki nan take.