Idan giyar tsohuwar bas ta fara fizga

Direban da ke jigila da tsohuwar Hiace mai giyar otomatik tsakanin Ringim da Kano, kada ka yarda a sauke maka giyabos tun ba a duba man giya ba. Sau da yawa fizgar daga nan take farawa.

Ka yi tafiyar minti 15 motar ta ɗau zafi, ka tsaya a wuri mai lebur, inji na aiki. Taka burki, ka zagaya da giya kowane matsayi, ka mayar P, sannan ka zaro tsinken awon man giya. Man ya kamata ya tsaya a layin zafi da ke jikin tsinken. Idan ya gaza, famfo zai zuƙi iska, giya ta yi jinkiri sannan ta buga. Idan ya yi yawa kuma kumfa yake yi.

Goga man a farin ƙyalle. Ja garau lafiya ne. Baƙi mai ƙauri, farantan kuloci na ƙonewa. Idan kuwa ya koma kamar madara, ruwan lagireto ne ya shiga, a ajiye motar nan take.

Man lafiya lau amma fizga na nan? A duba wayar da ta taso daga totur zuwa giya. Ta yi tauri, canji zai makara ya zo da ƙarfi. Ta yi sako-sako, giya za ta riƙa zamewa, kuma wannan ya fi haɗari.

Bugun da ake ji kawai yayin sa D ko R, sau da yawa robar kujerar inji ce ta tsage, ko totur ya yi sama a tsaye.

In an kwance kwanon mai da ke ƙasan giya, a canja matatar mai, a duba maganaɗisun da ke cikin kwanon: laushin toka ba komai, ɓarɓashin ƙarfe kuwa sai an buɗe giya. A zuba man giya na Dexron irin wanda aka rubuta a tsinken, ba na kan hanya ba.