Kada kiranka na farko ya zama na kai ƙara

Shekara 14 ina koyarwa, kuma abin da na fi nanata wa sabbin malamai shi ne: kada iyaye su fara jin muryarka ranar da ɗansu ya yi laifi. Tun makon farko na zango, ka riƙa kiran gida biyar kullum. Minti biyu ya isa. Ka gaisa da su, ka faɗi abu ɗaya takamaimai: "Yau ita ta fara gama lissafin rabawa." Wata uwa da na kira ta yi shiru, can ta ce ba a taɓa kiranta don alheri ba. Har yau abin yana raina.

Takardar da ka saka a jakar yaro, sau da yawa can take kwana a cukuikuye. Tura saƙon murya ta WhatsApp, don ba kowa ke iya karatu ba, kuma ka fara da rana da lokacin abin da kake sanarwa.

Amma faɗuwa jarrabawa ko rashin ɗa'a ba maganar zauren WhatsApp na kowa da kowa ba ce. Ka gayyaci iyayen, ka buɗe littafin yaron a gabansu, ka tambayi abin da suke gani a gida. Sai sun gama magana sannan ka kawo taka shawarar.